Allurar mura, ciwon jijiya da zancen diyya a Amurka: amsoshin wasiƙunku

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wasiƙun wannan makon daga 'yan uwanmu mazauna Amurka suka zo, kuma duk magana ɗaya suke zagayawa, wato mutum ya yi allurar rigakafin mura sai ciwo ya biyo baya, shin doka ta tanadar masa wani abu ko sai dai haƙuri. Ta farko ta fi cin wuri saboda a cikinta akasarin bayanin yake.

Tambaya: Salam Barista, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a taimaka min da shawara kaina ya kulle. Watan Oktoban bara maigidana ya je kemis aka yi masa allurar mura wadda ake yi duk shekara, bayan kamar sati biyu da 'yan kwanaki sai ya fara cewa tafin ƙafarsa na yi masa wani iri kamar kiyashi na tafiya, muka ɗauka gajiyar tuƙi ce tunda direba ne, kafin sati ya zagayo wallahi ko tsayuwa ba ya iyawa, hannu ma ya saki, a asibiti sai da aka sa masa injin numfashi. Likitoci suka ce GBS ne. Yanzu wata tara kenan, da sauƙi alhamdulillah amma sai da sanda, aiki kam babu, bil ɗin asibiti sai shigowa yake. Wasu sun ce mu kai kemis ɗin ƙara, wasu sun ce ai an hana ƙara a kan allura a ƙasar nan, dangi kuma na cewa mu bar wa Allah ƙaddara ce. Mu kuma girin kad kawai gare mu, kuɗin lauya ma babu. Ina mafita?
— Maman yara, Amurka

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙara masa lafiya ya sa kaffara ne, ke kuma sannu da jinya, don wanda bai taɓa zama da mai wannan ciwon ba ba zai gane nauyin da kika ɗauka ba.

Ciwon nan cikakken sunansa Guillain-Barré, likitocin Faransa ne suka bayyana shi a 1916 a jikin wasu sojoji biyu. Garkuwar jikin mutum ce ke rikicewa ta afka wa jijiyoyinsa, ta ɓare rigar da ke lulluɓe su kamar yadda ɓera ke cinye robar wayar lantarki, sai saƙon ƙwaƙwalwa ya daina isa ƙafa da hannu yadda ya kamata. Yawanci daga ƙafa yake farawa ya yi sama, in ya kai naman da ke jan numfashi shi ne ake sa inji, kuma akasarin mutane suna farfaɗowa amma a hankali, wata da watanni, wani har shekaru, wani kuma raunin ba ya barinsa gaba ɗaya.

Toh maganar ƙara. Waɗanda suka ce ki kai kemis da waɗanda suka ce an hana, kowa ya riƙo gefe guda ne. A 1986 majalisar Amurka ta yi wata doka, bayan ƙararraki sun yi wa kamfanonin allura yawa har wasu suka daina yin allurar yara ana tsoron za ta yi ƙaranci, dokar ta kafa wani tsarin biyan diyya na musamman da ake kira VICP wanda ya fara aiki a 1988. A ƙarƙashinsa ba kemis za ki kai ba, ba likita ba, ba kamfani ba, Ma'aikatar Lafiya ta ƙasa ce ake shigar da ƙorafi a kanta a wata kotun tarayya da ke Washinton, inda wasu alƙalai na musamman su takwas ke duba irin waɗannan shari'o'in, lauyoyin Ma'aikatar Shari'a kuma su tsaya wa gwamnati. Duk da akwai kalmar yara a sunan dokar manya ma na shiga, allurar mura ta shekara-shekara kuma an sa ta cikin tsarin tun 2005. Doka ta ce sai an bi ta nan tukuna, don haka dan Allah kar wani ya zuga ku ku ruga kotun jiha ku shigar da kemis, in akwai waccan ƙarar a buɗe ba za a karɓi wannan ba, kun ɓata wa kanku lokaci kenan a banza.

Abin da ya fi daɗi a tsarin shi ne ba sai kun nuna wani ya yi sakaci ba. Akwai wani jadawali da gwamnati ta fitar, an jera allura kaza, ciwo kaza, cikin kwana kaza, kuma tun watan Maris na 2017 aka sa GBS a gaban allurar mura, da sharaɗin alamar farko ta bayyana daga kwana 3 zuwa kwana 42 bayan allurar. In mutum ya faɗa cikin wannan tazarar kuma bayanan asibiti sun dace da yadda aka siffanta ciwon, doka za ta ɗauka allurar ce sanadi, sai dai in gwamnati ce ta kawo hujjar wani abu daban ne ya jawo. Yadda kika ba da labari, sati biyu da 'yan kwanaki, maigida na cikin tazarar sosai. Akwai kuma sharaɗin tsanani, ko ciwon ya wuce wata 6 yana damun mutum, ko an kwantar da shi har an yi masa tiyata, ko rasuwa, ku kuma kun ce wata tara, wannan ma kun cika.

Girin kad, wato takardar izinin zama na dindindin a Amurka, ba matsala ba ce. Dokar ba ta ce sai ɗan ƙasa ba, inda aka yi allurar take dubawa, tunda a cikin Amurka aka yi masa shikenan.

Kuɗin lauya kuwa ki kwantar da hankalinki, asusun da ake biyan diyyar daga cikinsa ne ke biyan lauya daban ba daga cikin diyyar ba, kuma ko an faɗi shari'ar yana iya biya matuƙar an shigar da ita da gaskiya kuma da tushe mai ma'ana. Lauya ba shi da ikon cewa zai yanki kaso kaza cikin abin da aka ba ku, duk wanda ya ce miki haka ki tashi ki ba shi wuri. Akwai kuɗin shigar da ƙara dala 400 da 'yan kai, ana iya neman a yafe wa marar hali. Ki nemi lauyan da dama aikin allura yake yi kuma yana da rajista a wannan kotun, kotun na da jerin sunayensu a shafinta na intanet, ba dole sai na jiharku ba, da yawa ta waya da imel suke gama komai.

Me ake biya? Kuɗin magani da asibiti wanda inshora bai ɗauka ba, na baya da wanda za a kashe nan gaba kamar gashin ƙashi da kayan taimakon tafiya da gyaran gida in ana buƙata, sai albashin da ya rasa da wanda zai rasa, sai kuɗin raɗaɗi da wahala wanda aka ƙayyade ba ya wuce dala 250,000. In rasuwa ce, Allah ya kiyaye, magada na samun dala 250,000. Wannan iyakar tun 1986 take ba a ɗaga ba, ni a ganina zalunci ne a bar ta haka shekara kusan arba'in komai ya yi tsada, mutum ya kwanta watanni injin na numfasa masa a ce wahalarsa ba ta wuce kuɗin wancan zamanin ba. Kuma kar ki sa rai za a gama da wuri, shari'ar nan na iya cin shekara biyu, uku ma ana kaiwa, don ƙararrakin sun fi ƙarfin alƙalai takwas.

Yanzu aikin da ke gabanki, kuma nan nake so ki buɗe kunne. Shari'ar nan takarda ce da kwanan wata. Ki je kemis ɗin ki karɓo shaidar allura mai ɗauke da rana da sunan allurar da lambar kwalbar, ki nemi fayil ɗinsa gaba ɗaya daga kowane asibitin da ya taka, har na 'yan shekarun baya kafin allurar don za a so a ga yadda lafiyarsa take a da, da sakamakon ruwan da aka ɗiba a ƙashin bayansa da gwajin gudun jijiya, da takardun albashi da na haraji, da duk rasit komai ƙanƙantarsa. Alƙalan nan sun fi ba da ƙarfi ga abin da likita ya rubuta a ranar da aka je fiye da abin da mutum zai tuno daga baya. Mu kuma ba mu cika riƙe rana ba, likita ya tambaya yaushe abin ya fara sai a ce an ɗan jima, ko mai tafinta ya faɗi abin da ya ga dama, a rubuta kuskure ya zauna a fayil. Ki karanta rubutun ranar farko da kanki, in akwai kuskure ki nuna wa lauya tun da wuri, saƙonnin WhatsApp da kika tura wa dangi lokacin da ƙafar ta fara ma ki adana su kar ki goge. In kuma ya yi gudawa ko zazzaɓi ko tari kafin ciwon kar ku ɓoye wa lauya, gwamnati za ta gani a fayil, gara shi ya riga sani ya shirya.

Wa'adi shekara 3 ne daga ranar da alamar farko ta fito, wato ranar da ya fara jin kiyashin nan, ba ranar da likita ya ambaci sunan ciwon ba. Kuna da sauran lokaci amma a fara yanzu. Sannan ki sani ana wallafa hukuncin a intanet da sunan mai ƙara, in akwai bayanin sirri da ba ku so ya fita ana ba da kwana 14 a nemi a sakaya.

Su kuma dangi masu cewa ƙaddara ce, gaskiya suka faɗa, ƙaddara ce, amma ai da ƙaddarar kuka kai shi asibiti ba ku zauna a gida ba. Kuɗin nan ba daga aljihun yarinyar da ta yi masa allura zai fito ba, ba wanda za a kora a aiki, haraji ne na santi 75, wato kashi uku cikin huɗu na dala ɗaya, da ake ɗora wa kowace allurar mura ana tarawa a asusu domin irin ranar da ta same ku. Haƙƙin maigidanki ne da na yaranki, ki nema da zuciya ɗaya.

Tambaya: Barista ina wuni. Ni fa na gani a Facebook cewa gwamnatin Amurka ta biya biliyoyin daloli ga mutanen da allura ta nakasa, toh in ba guba ba ce me ya sa suke biya? Mahaifiyata na nan wurina, ta haura saba'in tana da ciwon suga, likita ya ce ta yi allurar mura ni kuma na hana. Na yi daidai?
— Ɗalibi a Amurka

Amsa: Ƙanina, tsoron da kake ji wa Hajiya abin yabo ne, amma hanawar ba ka yi daidai ba, bari ka ji dalili.

Maganar kuɗin gaskiya ce, tun 1988 tsarin ya biya sama da dala biliyan 5. Sai dai masu yaɗa wannan adadin ba sa faɗa maka cewa allurai biliyoyi aka yi a tsawon lokacin, kuma lissafin hukumar da ke kula da asusun ya nuna kusan mutum ɗaya ake biya a cikin kowace allura miliyan ɗaya da aka raba, sannan wajen kashi 60 cikin ɗari na diyyar sulhu ne aka yi ba tare da gwamnati ta amince allurar ce sanadi ba. Da gangan aka sassauta tsarin, aka ce gara a biya wanda wataƙila ba allura ce ta kama shi ba da a bar wanda ita ce ta kama shi yana yawon kotu.

Ka duba lissafin nan. A Amurka mutum 3,000 zuwa 6,000 ke kamuwa da GBS duk shekara ko da allura ko babu, wato kowane mako mutum 60 zuwa sama da 100, kuma kusan biyu cikin uku nasu wata cuta suka yi kafin nan, gudawa ko ciwon maƙoshi da ƙirji, wadda ta fi shahara ita ce ƙwayar Campylobacter da ake samu a naman kajin da bai dahu ba. A ɗaya gefen ana yin allurar mura wajen miliyan 150 cikin 'yan watannin shigowar sanyi, kaga dole a samu waɗanda ciwon zai zo musu cikin sati shida bayan allura ko da babu alaƙa, kuma likita ba shi da wani gwajin jini da zai rarrabe masa na wane ne na allura na wane ne ba nata ba. Jadawalin nan duk yana biyansu.

Ba wai babu haɗarin ba ne kwata-kwata, ba zan yi maka ƙarya ba. A 1976, bayan murar aladu ta ɓulla a sansanin soja na Fort Dix lokacin shugaba Gerald Ford, an yi wa sama da mutum miliyan 40 allura, aka ga ƙarin kusan mutum ɗaya mai GBS a cikin kowane 100,000, aka tsayar da shirin a watan Disamba na shekarar. Tun daga nan ake sa ido duk shekara, abin da ake gani da allurar yanzu kuwa, a shekarun da aka ga ƙari, mutum 1 zuwa 2 ne a cikin miliyan. Ita kanta murar tana jawo GBS fiye da allurarta, wani bincike da aka yi a lardin Ontariyo na Kanada aka wallafa a 2013 ya samu kusan mutum 17 a cikin kowane miliyan da suka je asibiti da mura, a allura kuma kusan 1 a miliyan. Kuma wannan ba ɗan majina da atishawa ake nufi ba, fulu ce mai kwantar da tsofaffi da ciwon huhu, a lokacin sanyin 2017 zuwa 2018 an ƙiyasta ta kashe sama da mutum 50,000 a Amurka, akasarinsu masu shekarun Hajiya.

Wanda ake taka-tsantsan da shi shi ne wanda ya taɓa yin GBS cikin sati 6 bayan wata allurar mura a baya, irinsa sai an zauna da likita an auna. In Hajiya ba ta cikin wannan ka mayar da ita wurin likitanta, ka yi duk tambayar da ke ranka a gabanta, ita ma a bar ta ta faɗi ra'ayinta tunda jikinta ne.

Tambaya: Ranka ya daɗe Barista. Ni dattijo ne, saura kamar wata uku in cika shekara 3 da fara rashin ƙarfin ƙafa bayan allurar mura. Da farko sun ce GBS, da abin ya yi ta tafiya yana dawowa sai suka canza suka ce CIDP. Ɗana ya ce ya tura rahoto VAERS tun lokacin don haka muna layi. Haka ne?
— Baba Alhaji, Amurka

Amsa: Baba, Allah ya ba da lafiya, amma ba kwa kan layi, kuma ina roƙonka cikin satin nan a kira lauya. VAERS rumbun tattara rahoto ne kawai da masana ke dubawa don gano ko wata allura na da matsala, ba ya biyan ko sisi kuma ba ya tsayar da agogon shekara 3. Mutane da dama sun yi asarar haƙƙinsu ta wannan hanyar. Kotun ɗaukaka ƙara ta yanke tun 2011 cewa wa'adin daga alamar farko yake farawa ko da mutum bai san ciwon na da alaƙa da allura ba, uzurin da ake karɓa bayan ya wuce kaɗan ne ƙwarai, kuma lauya na buƙatar lokaci ya tattaro fayil kafin ya shigar, wasu ma ba sa karɓar aiki in ya zo musu a ƙurarren lokaci.

Sannan CIDP, wato wanda ke daɗewa yana ci gaba sama da sati 8 ko ya lafa ya dawo, ba ya cikin jadawalin, an ma cire shi ƙarara daga ma'anar GBS. Ƙofa ba ta rufe ba amma hawan ya fi tsayi, nauyin hujja ya dawo kanka. Akwai ma'auni uku da kotu ta kafa a shari'ar Althen ta 2005, a kawo bayanin likitanci na yadda allurar za ta iya jawo ciwon, a nuna a jikinka haka abin ya bi daki-daki, sannan tazarar lokacin ta yi daidai da hankali. Ba a neman tabbaci ɗari bisa ɗari, rinjaye ake nema ko da ɗan kaɗan ne, amma kusan dole sai an ɗauko ƙwararren likitan jijiya ya rubuta rahoto, gwamnati ma ta kawo nata, wasu irin wannan ana cin nasara ko a yi sulhu wasu kuma ana kora. Wanda alamarsa ta fara bayan kwana 42 shi ma wannan hanyar zai bi. In hukunci ya fito bai yi maka ba akwai ɗaukaka ƙara, ko ka ƙi karɓa cikin kwana 90 ka tafi kotun gama-gari, sai dai tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2011 ba a iya ƙarar kamfani a kan cewa tsarin haɗa allurar ne bai yi ba, don haka can ɗin ba sauƙi.

Tambaya: Barista ni kafaɗata ce, tun daren da aka min allurar mura ba na iya ɗaga hannu, wata bakwai kenan ko ɗaurin ɗankwali da ƙyar. A ranar an min ta korona ma a ɗaya hannun. Wannan ma ciwon jijiya ne?
— Wata baiwar Allah, Amurka

Amsa: Sannu 'yar uwa. Yadda kika siffanta ya fi kama da abin da ake kira SIRVA, wato an soka allurar ta yi sama da yawa ko ta yi zurfi ta taɓa gaɓar kafaɗa ta kumbura, matsalar wurin sokawa ce ba ta garkuwar jiki ba. Shi ma yana cikin jadawalin tun 2017, sharaɗin ciwon ya fara cikin awa 48, ya tsaya a kafaɗar da aka yi allurar, kuma ba ki da tarihin ciwon wannan kafaɗar a da. In gwaji ya nuna jijiya ce ta wuya ko ta hannu ta samu matsala to ya fita daga SIRVA, sai a bi ta wata hanyar, don haka ki ga likitan ƙashi ya duba da kyau ya rubuta ranar da abin ya fara.

Ki tabbatar takardar kemis ta nuna wace allura aka yi a wane hannu, don ta korona tsarinta daban ne, ana kiransa CICP, wa'adinsa shekara 1 tak daga ranar allura, ba ya biyan lauya kuma ba ya biyan kuɗin raɗaɗi. In hannun mura ne ke ciwo kina ƙarƙashin VICP da shekara 3, in kuma takardar ta rikita hannayen ki koma kemis ɗin yanzu a gyara a rubuce tun ma'aikatan na iya duba rajistarsu.